Littafin Baba da gayaunar Auta 🧵

1/
Jiya wani ya sa hoton yaran makaranta riƙe da fartanya, ya rubuta a ƙasa: "Wai me ya sa matasanmu suka tsani noma?" Na so in wuce, na kasa. Amsar da nake da ita ta fi ƙarfin layi biyu. Zare ne mai tsawo, na faɗa muku tun yanzu. Mai data ya biyo ni.

2/
Ni ɗan manomi ne, jikan manomi, daga wani ƙauye a yankin Funtua. Amma na yi shekara kusan goma sha biyar in aka ambaci gona sai in ji ƙuguna ya amsa. Ba a gida na koyi wannan ƙiyayya ba. A makarantar kwana na kwaso ta.

3/
Wanda ya yi bodin ya san zancen. Ka makara asambuli: kunya biyar, je ka nome. An kama ka kana Hausa a aji: kunya goma. Siniya ya ga fuskarka ba ta yi masa ba: ɗauko adda ka biyo ni. Gonar makaranta ita ce gidan yarinmu, fartanya kuwa ƙanwar bulala.

4/
Duk da haka a aji biyu na shiga Young Farmers Club, don an ce ana ba 'yan kulob ƙwai. Muka yi huɗa, muka shuka masara, muka yi noman fari da maimai. Ranar wata Asabar aka loda buhunan a akori-kura, ta fita ta ƙofar baya. Mu aka ba kowa gasasshiya biyu. Ƙwan ma ban taɓa gani ba.

5/
Tun daga ranar na ƙudurta a raina: ni da gona haihata-haihata. Na yi karatu, na samu ɗan aiki a birni. In na je gida da damina sai in ƙirƙiro ciwon baya. Baba ya gane sarai, amma bai taɓa cewa komai ba. Allah ya ji ƙansa, ya rasu a 2022.

6/
Bayan sadakar bakwai muka buɗe adakarsa. Takardun gona, tsohon katin zaɓe, hoton aurensa da Inna. Can ƙasa sai ga wani littafin rubutu irin na 'yan firamare, gefensa gara ta taɓa. A bango, da rubutun yaro: sunansa, aji shida, 1977, Kulob ɗin Matasa Manoma.

7/
Na zauna a ƙofar ɗaki na karanta shi tas. Ranar shuka. Tazarar rami da rami. Ranar da aka zuba taki da yawansa, da murfin kwalba ake aunawa. Ranar da tsutsa ta shiga. Kwano nawa aka samu, nawa aka sayar. A shafin ƙarshe: "Na sayi takalmi da fitila. Saura na ba Inna ajiya."

8/
Jama'a, "na sayi". Kulob ɗaya, suna ɗaya, fartanya iri ɗaya. Shi ya fito da takalmi da fitila, ni na fito da gasasshiyar masara biyu da ciwon bayan ƙarya. Wannan ne ya sa na shiga tonon asalin abin: wa ya fara haɗa yara kulob don noma, kuma me yake nema?

9/
Ashe labarin daga Amurka ya faro, kuma ba don yaran aka fara ba. A ƙarshen ƙarni na 19 jami'o'in noma na can sun tara bincike kan iri da ƙasa da taki, amma manoma sun yi kunnen uwar shegu. Tsohon manomi ko'ina ɗaya ne: ɗan boko mai farar riga ba zai koya masa gonar ubansa ba.

10/
Wani mutum a jihar Illinois, Will Otwell, ya sha kiran taron manoma, zaure ya tashi wayam. Gab da 1900 sai ya sauya dabara. Ya yi shela cewa duk yaron da ke so ya aiko a ba shi ƙullin irin masara mai kyau kyauta, ya shuka, da kaka a yi gasa. Yara kusan 500 suka karɓa.

11/
Ranar gasa zaure ya cika. Da su wa? Da iyayen nan da suka ƙi zuwa. Kowa ya rako ɗansa ya ga ko zai ci. Suna tsaye suna jujjuya zangarniyar yaran, suna auna ta da tasu a zuci. Zuwa 1904, masarar yaran Illinois aka jera a babban baje kolin St. Louis.

12/
A Janairun 1902 kuma wani jami'in ilimi, A. B. Graham, ya tara yara maza da mata a Springfield ta jihar Ohio. Suna gwada tsamin ƙasar gonakin gidajensu da wata 'yar takarda mai sauya launi, suna zaɓen iri, suna koyon sunayen ciyayi da ƙwari. Yawanci daga nan ake ƙirga haihuwar ƙungiyar.

13/
A kudancin ƙasar, inda ƙwaro ke cinye auduga, akwai wani dattijo Seaman Knapp. A 1903 ya shawo kan wani manomi a Terrell ta Texas ya gwada sabon tsari a gonarsa, da hannunsa. 'Yan kasuwar garin suka ajiye dala 1,000: in an yi asara a biya shi. Ba a taɓa kuɗin ba, riba ya ci.

14/
Abin da Knapp ya gano shi ne, gonar gwaji ta gwamnati ba ta burge manomi. Zai ce ai su da kuɗin hukuma suke yi. Amma in a gonar maƙwabcinsa ne, ko ta ɗan da ya haifa, ba shi da ta cewa. Daga nan kulob ɗin masara na yara maza ya bazu a kudu: yaro ɗaya, eka ɗaya, littafi ɗaya.

15/
Ku riƙe wannan, don shi ne ƙashin bayan zaren. Uba zai yanka wa yaro eka guda. Yaro zai bi tsarin malamin gona, ya rubuta duk abin da ya kashe da duk abin da ya yi. In an girbe, amfanin nasa ne. Ba na makaranta ba, ba na shugaban kulob ba.

16/
A 1910 wani yaro a Carolina ta Kudu, Jerry Moore, ya cire masara bushel 228 da ɗoriya a eka ɗaya. Da lissafinmu, kusan buhu 58 mai kilo 100. A lokacin matsakaicin abin da ake samu a Amurka bai kai bushel 30 ba, wato buhu bakwai zuwa takwas. Ya zuba taki ba na wasa ba, gaskiya. Amma jaridu sun ɗauka, iyaye sun ji kunya.

17/
'Yan mata fa? A 1910 ɗin dai wata malamar ƙauye, Marie Cromer, a gundumar Aiken ta jihar, ta ce ba za a bar su a baya ba. Ta tara 'yan mata sama da 40, kowacce ta shuka tumatir a kashi ɗaya cikin goma na eka. Bai ma kai fuloti ɗaya na 50 da 100 ba.

18/
Ba su tsaya a shuka ba. Suka koyi dafa tumatirin su rufe a gwangwani, su sayar. Wadda ta zo ta ɗaya ta cika gwangwani 512, ta samu tallafin shiga kwaleji. Ina karanta wannan ina tuno kwandunan tumatir da ke ruɓewa a bakin titin Kadawa da Ɗanja duk shekara. Shekara ɗari da sha wani abu fa ke nan.

19/
A 1914 majalisarsu ta yi dokar Smith-Lever, wadda ta kafa aikin malaman gona a ƙasa baki ɗaya, da kuɗin tarayya da na jiha da na gunduma, ƙarƙashin jami'o'in noma. Kulob ɗin yara ya shiga cikin aikin malamin gona na dindindin. Gwamnati ta sauya ko ba ta sauya ba, yana nan.

20/
Sunan 4-H ya zauna a 1924. Kalmomin Turanci huɗu ne da duk suka fara da harafin H: kai, zuciya, hannuwa, lafiya. Tambarinsu koren ganye mai kunne huɗu. Har yau tana raye, da yara kusan miliyan 6, kodayake yanzu har da su kwamfuta da mutum-mutumi ake koyarwa, ba noma kaɗai ba.

21/
Kar in yi muku kwalliya da yawa, abin yana da tabo. A kudancin Amurka yaran baƙaƙen fata kulob ɗinsu daban, malamansu daban, kuɗin da ake ba su kaɗan, har cikin shekarun 1960. Kuma yaron da ubansa ɗan haya ne a gonar wani, ina zai samo ekar da za a ce tasa ce?

22/
'Yan mata kuma sannu a hankali aka tura yawancinsu ɗinki da girki, aka bar wa maza shanu da gona. Bankuna da kamfanonin iri da na taki sun zuba kuɗin kyaututtuka, ba don Allah kaɗai ba: yaron da ya saba da kayanka yana ɗan sha biyu, kwastoma ne har tsufa.

23/
Wani abin kuma: an kafa kulob ɗin har da niyyar tsayar da yara a karkara, amma bai tsayar da su ba. A 1900 kusan mutum 40 cikin 100 na ma'aikatan Amurka a gona suke. Yau ba su kai 2 ba. Waɗanda suka zauna dai sun zauna da ilimi da lissafi, suka ciyar da sauran.

24/
Ingila ta bi sahu a 1921, a wani ƙauye Hemyock da ke Devon. Kamfanin madara na United Dairies ya sa 'ya'yan masu kawo masa madara gasar kiwon maruƙa. A 1932 kulob-kulob ɗin suka haɗu suka zama tarayya ta ƙasa. Sunan Young Farmers Club da muka sani a makarantunmu, can ne asalinsa.

25/
Kenya ta yi nata a 1962, ta kira shi 4-K, da kalmomin Suwahili. Ya yi tashe, ya dusashe da aka rage darajar noma a manhajar firamare, har sai da Shugaba Uhuru Kenyatta ya sake ƙaddamar da shi a 2021. Kun ga ba mu kaɗai muka yi sakaci ba.

26/
To mu dawo littafin Baba. Me ya sa 1977? A 1975 aka fara aikin raya noma na Funtua da kuɗin Bankin Duniya, tare da na Gusau da na Gombe. A 1976 gwamnatin Obasanjo ta kawo shirin ciyar da ƙasa, OFN, aka ce kowace makaranta ta yi gona. Malaman gona suka cika ƙauyuka a kan babura.

27/
Abin da yaran yanzu ba su sani ba: a da masara a wajenmu abar bayan gida ce. 'Yan kunyoyi kaɗan inda ake zubar da toka da kashin awaki, a gasa a ci kafin gero ya nuna. Gona ta dawa ce da gero da auduga. A shekarun nan ne farar masara irin TZB, daga cibiyar IITA ta Ibadan, ta shigo tare da takin zamani.

28/
Na kai wa Inna littafin. Ta yi dariya har da hawaye, ta ce labarin nan surukarta ta ba ta shi ya fi sau goma. Wai malamin gona ya yi wa Kaka sintiri har ya gaji. Kaka ya ce: "Malam, masara abin gashi ce. Ba na ba iyalina abin gashi a matsayin tuwo."

29/
Da Baba ya zo da ƙullin iri daga makaranta, sai Kaka ya yanka masa gefen gona ya ce je ka yi wasanka. Da kaka ta yi, tsoho ya zo ya tsaya a kan 'yar gonar, ya ɓare zangarniya ɗaya, ya daɗe yana kallo. Bai ce uffan ba. Da bazara ya aiki Baba: "Je ka tambayo malamin naku ko irin nan ya rage."

30/
Kun ga Illinois a Funtua ko? Amma ni abin da ya fi tsaya mani a rai shi ne wancan gefen gona da Kaka ya yanka. Ai muna da sunansa tun kafin a haifi Otwell: gayauna. Gandu na gida ne, kowa ya yi aiki, maigida ya riƙe rumbu. Gayauna kuwa ta yaro ce ko ta matar gida, abin da ta bayar nasu ne.

31/
Wato abin da Amurkawa suka yi wa doka da tambari, kakanninmu sun riga sun san shi: yaro ba ya son gona sai ya ɗanɗani nasa. Abin da kulob ya ƙara a kai biyu ne, littafi da malami. Makarantarmu kuwa ta karɓi sunan kulob, ta jefar da gayauna, ta jefar da littafi, ta bar mana gandun da ba mu da gado a ciki.

32/
Yanzu ga inda abin ya zo kaina. Autanmu shekararsa sha huɗu, yana gida wajen Inna. Da na je hutu na ji yana cewa shi da ya gama JS3 Abuja zai tafi, ko wankin mota ne ya yi. Na ji muryata sak a bakinsa. Na je wajen Yaya Babba, wanda gandu ke hannunsa tun rasuwar Baba.

33/
Na ce, "Yaya, alfarma nake nema. A yanka wa Auta kunya ashirin. Iri da taki ni zan saya. Sharaɗi ɗaya: ko kwano ɗaya ba za a taɓa masa ba." Ya kalle ni ya ce, "Kai da ba ka san hanyar gonar ba?" Na haɗiye, don gaskiya ya faɗa. Ya dai yarda.

34/
Na saya wa Auta littafi, na nuna masa na Baba. Duk Juma'a zai turo mani hoton shafi ta WhatsApp a wayar maƙwabci. Da farko sai na yi ta kira kafin ya turo. Da masara ta fara fitar da gemu, shi ke kira na. Har faɗa ya yi da wani don akuyarsa ta shiga. Yaron da ake tasa da ruwan sanyi ya tafi gona!

35/
Sai kaka ta zo, gandu bai yi yadda aka so ba. Taki ya yi tsada tun bayan cire tallafin mai a 2023, Yaya rabin abin da ya saba ya zuba. Gonarmu ta nesa kuma ba a nome ta ba sam, kun san dalili, ba a shiga dajin nan yanzu. Gida mai baki goma sha ɗaya. Gayaunar Auta ta ba da buhu biyu da 'yan kwanuka.

36/
Yaya ya kira ni da dare. "Ka ga, zan haɗa buhunan yaron nan cikin rumbu. In an samu sarari a biya shi." Na ce Yaya alkawari fa. Ya ce, "Kai kana birni kana cin shinkafa kana karanta tarihin Turawa. Ni ke jin kukan yara da safe." Wallahi ban sami amsa ba. Na kashe waya na kasa barci.

37/
Don ba zalunci yake nufi ba. Shi ba malamin da ya loda akori-kura ba ne, yunwa yake tsoro. Amma na san in aka ɗauki buhunan nan ba da bakin yaron ba, an gama. Zai koyi darasin da na koya a aji biyu, kuma a gidan ubansa, inda ya fi ciwo.

38/
Inna ce ta raba gardamar. Ta kira Yaya ta ce, "Babangida, in kana son masarar Auta, saya za ka yi, kamar yadda kakanku ya sayi ta ubanku." Ashe har wannan ya faru. Kaka da kansa ya biya ɗansa kuɗin irin da ya ɗiba. Shi ne kuɗin fitilar.

39/
Aka zaunar da Auta aka tambaye shi. Ya ɗauko littafi ya yi lissafi a gaban kowa. Ya ce buhu ɗaya zai sayar wa gida a farashin kasuwar ranar, a biya shi kashi biyu. Ɗayan zai ajiye sai bazara. 'Yan kwanukan kuma ya ba Inna kyauta. Kuɗin farko ni na tura wa Yaya, shi ya miƙa masa da hannunsa.

40/
Ga abin da ya fi ba ni dariya. Da ya cire kuɗin takin da na saya, ya ga ribar ba ta taka kara ta karya ba. Sai ya ce, "Yaya, bana rabi waken suya zan sa, shi ba ya cin taki kamar masara." Ba wanda ya gaya masa. Littafi ne ya gaya masa. Yaya Babba da ya yi shekara ashirin yana noma bai taɓa rubuta abin da ya kashe ba.

41/
Ban ce Auta ya fasa Abuja ba. Har yanzu yana zancenta, kuma in ya tafi ba zan riƙe shi ba, ni ma ai tafiya na yi. Kulob ba ya maganin 'yan bindiga, ba ya sauke farashin taki. Amma in ya tafi, zai tafi yana sanin gona aba ce da ake lissafi a ci riba ko a faɗi, ba wurin da ake kai mai laifi ba.

42/
Don haka malaman makaranta da ke nan, don girman Allah ku daina horo da gona. Ku nemi wani abin. In kuna da kulob, ku raba filin kunya-kunya da sunan kowane yaro, mace da namiji, kowa da littafinsa. Ranar girbi a auna a gabansu. In makaranta za ta ɗauki kaso, a faɗa tun ranar shuka.

43/
Mu kuma 'yan birni masu turo "noma shi ne mafita" daga cikin ofis mai sanyi: kana da ƙani ko ƙanwa a gida? Kuɗin datarka na wata biyu zai sayi iri da littafi. Ka roƙi a yanka masu gayauna, ko akuya ɗaya, ko kaji biyar. Sannan ka tsaya tsayin daka kar a taɓa.

44/
Littafin Baba yana wajen Auta yanzu. Akwai shafuka shida da Baba bai cike ba a ƙarshe. Na ce ya bar su haka, ya ce a'a, a nan zai rubuta lissafin waken suya. Na bar shi.

Wanda ya yi Young Farmers a makarantarsu, ina amfanin gonarku ya tafi? Ina jiran ku a ƙasa. Allah ya ji ƙan iyayenmu, ya ba mu damina mai albarka.